Tsaraba Daga Ƙasar Ƙanƙara

Da na farka bayan azahar ranar Juma'a, na tarar da kwalina a tsakiyar falo, bakinsa a hangame, babu komai a ciki sai ɗan garin ƙasa da ya taru a kusurwa.

Na tsaya a kansa da rigar barci. Jiya da na iso daga filin jirgi, ni da hannuna na tura shi bayan kujera, na ɗora jakata a kai, na ce kada wanda ya taɓa. Na faɗa da Hausa saboda Ummi, na maimaita da Larabci saboda yayana Nawaf, wanda Hausa ke shiga kunnensa lafiya lau, amma ba ta fitowa ta bakinsa sai in yana neman abinci.

"Ummi!"

Ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani, fuskarta cike da fara'ar da rabona da ganin irinta tun kafin rasuwar mahaifinmu.

"Kin tashi? Allah Ya yi miki albarka, Hikima. Wallahi kin fitar da ni kunya. Dama na ce wata rana yarinyar nan za ta yi hankali."

"Ina kayan da ke cikin kwalin nan?"

"Shaibar? Halas, an raba. Tun da safe Nawaf ya kai wa kowa nasa. Na rage mana kaɗan a kwalba."

Na sake duban kwalin, na dube ta.

Wanda bai zauna a Jidda ba sai an gaya masa mene ne shaiba. Wani busasshen abu ne mai ruwan toka, a nannaɗe, da ake ɓamɓarowa daga jikin duwatsu da itatuwa. Ana jefa ɗan kaɗan a shurba ko a romon nama don ƙamshi, kuma babu kicin ɗin da za ka shiga a garin nan ka rasa shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Ummi ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, domin abin da ke cikin kwalina danginsa ne. Sai dai nawa ba daga shagon mai kayan yaji ya fito ba.

Digirin digirgir nake yi a kan tsirrai, a wata jami'a da ke arewa da Jidda. Duk lokacin zafi, sa'ad da masu hankali ke kwance a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ni sai in kwashi jiki in tafi can ƙarshen arewacin Norway, inda itatuwa ke ƙarewa, rana kuma ta yi makonni ba ta faɗi ba. A da, tuddan wurin a shimfiɗe suke da dangin shaibar nan, fari tas, da gansakuka a tsakani, da wasu 'yan furanni da ba su kai farce girma ba. Shi ne abincin barewar ƙasar idan ƙanƙara ta rufe komai. Yanzu kuwa wurin ɗumama yake yi, har ya fi sauran duniya sauri. Gajerun itatuwan da sanyi ya hana su wuce idon sawu sun samu sake, sun miƙe, wasu har ƙuguna. Suna tare rana, suna zubar da ganye a kan na ƙasa. Na ƙasan kuwa ba su iya tsere ba, girman da suke yi a shekara bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Haka suke shaƙewa su mutu, ba wanda ya ji motsinsu.

Tun kafin a haife ni, wata malama mai suna Farfesa Sigrun ta kakkafa turakun ƙarfe a kan wani tudu a can. A gindin kowane turke ta yanko shimfiɗar nan gwargwadon tafin hannu, dukanta, da gansakukar da 'yan ganyayyakin da ƙasar da ke manne a jiki, ta busar, ta sa a ambulan. A bana da na je neman turakun, sai da na yi rarrafe cikin sarƙaƙiya kafin in gan su. Aikina shi ne in buɗe ambulan ɗinta, in buɗe abin da na yanko a bana, in gane wa ya tashi daga wurin, wa ya tare. Matar nan ta tsufa, gwiwoyinta sun daina hawa tudu, kuma ba ta taɓa bai wa kowa aron ambulan ɗin nan ba. Ranar da ta miƙo mini su, sai da ta riƙe wuyan hannuna ta ce babu wasu irinsu a duniya. Ba ta san kalmar amana ba, amma ita take nufi.

Na sauka da yammacin Alhamis, ɗakin gwaje-gwajenmu kuma ba ya buɗewa sai Lahadi. Busassun kaya ne, ba sa bukatar firij. Na ce bari su jira a gidan uwata, ina ne ya fi nan aminci?

"Ummi, ai na ce kada a taɓa."

"Kin faɗa, na ji. Kowane matafiyi haka yake cewa, don kada yara su wawashe kafin a kasa. Ni yarinya ce?"

A gidanmu, da duk gidajen Hausawan garin nan da na sani, jakar matafiyi ba tasa ba ce. Yana barcin gajiya uwa za ta zazzage ta, ta kasa tsaraba, ita ta san wa za a ba turmi, wa za a ba ɗan ƙulli. Na san da haka sarai. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mutum mai ido biyu zai kalli kayan bincikena ya ga kayan miya.

Ta shiga ba ni labarin aikinta, har da alfahari. Nawa na bana, da ke cikin jakunkunan takarda, ta juye su duka a babban tire, ta gauraya sosai don kada wata ta samu mai kyau wata ta samu marar kyau, ta ƙuƙƙulla a 'yan ledoji. Takardun kuwa ta zubar, ai duk an ɓata jikinsu da rubuce-rubuce. Tsofaffin ambulan ɗin, da ta ga an shirya su tsaf, sai ta ce waɗannan su ne masu tsada, na manya ne, ta aika da su a rufe yadda suke.

Na zauna daɓas a ƙasa. Duk cizon sauron da na sha, da barcin tanti, da yawo da jiƙaƙƙen takalmi, an gauraya su a tire saboda adalci. Wannan kam ya tafi, sai dai in koma baɗi in fara daga farko. Amma ambulan ɗin Farfesa a rufe suka fita, kuma abin da ke rufe zai iya dawowa.

"Su wa kika aika wa ambulan ɗin?"

"Me za ki yi da sunansu?"

"Karɓowa zan yi."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta ɗif. "Ki karɓo? Kyauta? A'uzubillahi. Ba ki da labarin abin da Manzon Allah ya faɗa a kan mai karɓe kyautarsa?"

"Ba naki ba ne, Ummi, balle ki yi kyauta da shi! Ni ma ba nawa ba ne! Amanar wata tsohuwa ce, kuma inda aka ciro su babu su yanzu, sun mutu, sun ƙare!"

"Kar ki ɗaga mini murya." Ta matso har ina jin ƙamshin albasa a hannunta. "Shekara nawa kina tafiya kina dawowa? 'Yar Zakiya ta je Masar, akwati biyu ta cika. Surukar ƙawata Bayan ta je Kano, har yau ina da daddawar da ta aiko mini. Na ci na kowa, Hikima. Ke kuma ki tafi ƙarshen duniya ki dawo mini da ƙuraje a wuya da takalmi mai wari. Mata su kira ni, 'Ummu Nawaf, hamdillah ʿas-salama, barka da dawowarta, me 'yar taki ta kawo?' In ce karatu. Karatu ake ƙullawa a leda? Tun da aka rushe unguwarmu aka watsa mu, wannan a Khumra, waccan a hanyar Makka, me ya rage tsakaninmu in ba ɗan abin da za ka ƙulla ka aika ba? Yau rana ɗaya tak na aika, shi ne za ki bi gida-gida ki ce a ba ki?"

Na ji maganarta, har ta taɓa ni. Amma ba lokacin jin tausayi ba ne. Juma'a ce, an sauko daga masallaci, tukwane na kan wuta a duk faɗin Jidda.

Na samu Nawaf a ɗakinsa, ya miƙe ƙafa yana latsa waya, shi ala dole bai ji komai ba.

"Ina ka kai ambulan?"

"Ana mali? Ina ruwana?" in ji shi da Larabci. "Ni direba ne kawai, aka ce kai, na kai."

Na fizge wayar daga hannunsa, na riƙe ta ta taga. Ya dube ni, ya ga ba wasa a idona.

"Ya majnuna! Tayyib, tayyib. Kaɗan gidan Khala Zakiya. Sauran, wanda aka ɗaure da jan zare, Abhur, gidan Hajiya Mubina. Bas, amma kar ki ce ni na faɗa."

Na jan zaren su ne na saman tudu, inda sauyin ya fi muni, kuma a kansu aikina duka ya dogara. Duk da haka Khumra na fara nufa, unguwar Khala Zakiya. Khala Zakiya, ƙawar Ummi tun suna 'yan mata, ba ta iya barin sabon abu ya kwana ba ta gwada shi ba. Hajiya Mubina kuwa, abin da ya fito daga gidanmu sai ya yi wata a ajiye kafin ta tuna da shi.

Sitiyarin mota na ƙona tafin hannu, manyan motoci sun jeru a bakin rumbunan kaya, ni kuwa ina ta danna ham ga mutanen da ba su yi mini komai ba. A hanya nake ta shirya maganar da zan yi mai ladabi: Khala, an samu ɗan kuskure, ki yi haƙuri. Ashe na ɓata lokacina ne, domin ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta kama hannuna ta ja ni kicin.

"Yauwa, gara da kika zo da ƙafarki. Ya binti, an cuce ki. Wa ya sayar miki da shaibar nan? Ɗaci, wallah ɗaci har ƙwaƙwalwa! Baƙin maigidana Abu Raed cokali ɗaya suka kai baki suka ajiye. Tukunya guda ta shurba na zubar. Ga ƙasa, ga tsinke, rabin ambulan datti ne. Turawan nan ba sa tsoron Allah."

"Khala, sauran fa? Waɗanda ba ki buɗe ba?"

"Duk na buɗe, na ce ko wani zai fi wani. Suna cikin shara."

Na tsugunna a gaban kwandon shararta, na tura hannu har gwiwar hannu. A kansu ta juye shurbar. Ambulan sun jiƙe sun zama kamar biredi a shayi, rubutun Farfesa ya narke, ga ƙashin rago, ga ɓawon albasa. Na ɗago wani dunƙule mai maiƙo na riƙe shi a tafina. Abin da ya tsira daga ƙanƙara da barewa, ya zauna lafiya a kabad ɗin wata tsohuwa tsawon rayuwata, ya zo Khumra ya ƙare a romon rago.

"Subhanallah," in ji Khala Zakiya daga bayana. "Karatun ne ya kai ki haka?"

"Khala, abin nan ya girme ni. Shekara da shekaru yana jiran a duba shi, ke kin cinye shi kafin la'asar."

"Ni ban ci ba. Ai na gaya miki ba ya ciwuwa."

Na fita ban yi mata sallama ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba na faɗa wa babba ba ne. Kafin in kai gida, saƙon muryarta ya zaga wayoyin duk matan tsohuwar unguwarmu: kada wadda ta zuba shaibar Ummu Nawaf a tukunya, kuma a taya ta da addu'a, 'yarta ta fara tonon shara.

Na shiga gida ne kawai don in wanke hannu in canja abaya in kama hanyar Abhur. Na tarar da Ummi zaune a kan kujera, ta kife wayarta a cinya. Ba sai an gaya mini ta saurari saƙon ba. Da na fito daga banɗaki sai na gan ta tsaye a bakin ƙofar fita.

Hajiya Mubina matar yayan mahaifinmu ce. Tana zaune a wani ƙaton gida kusa da teku, kuma tun ranar da aka kawo Ummi cikin dangin nan take mata kallon wadda aka yi wa alfarma. A zaman makokin mahaifinmu, a gaban mata, ta ce mace ita kaɗai ba za ta iya riƙe yarinya mai taurin kai irina ba. Duk sallah in an haɗu, tambayarta ɗaya ce: "Har yanzu tana can tana tsinkar ciyawa?" Saboda haka ba sai na tambayi Ummi dalilin da ya sa mafi kyawun ƙullin ya tafi Abhur ba.

"Ina za ki?" in ji ta.

"Abhur."

"Da hannun da kika tona shara za ki buga ƙofar Mubina?"

"Na wanke."

"In kika taka gidan nan kika ce a ba ki, wallahi..." Sai ta haɗiye sauran. Uwata ta san nauyin bakin uwa, ba ta wasa da shi ko tana cikin fushi. Can ta ce, "Ni na bayar. Ni zan karɓo."

"To yalla, ɗauko mayafinki mu tafi."

"Ba a kutsa gidan Mubina haka kamar masu kamen marasa iƙama, takardar zama. Zan kira ta, in je gobe."

"Gobe ta yi nisa, Ummi!"

Ta ɗago ta dube ni. Na sha ganin uwata tana kuka, na ga ta yi takaba, na ga ta tsaya tana kallon motar rusau tana cin bangon gidan da ta haife mu. Amma ban taɓa ganin kunya ta kama ta a gabana ba sai ranar. Shi ya karya ni. Na ajiye makullin mota a kan tebur, raina yana gaya mini kuskure nake yi.

"To ki ce mata kada ta buɗe. Kada ta taɓa komai. Yadda aka kai mata, haka nake son abina."

"Na ji."

Ta shige ɗaki da wayar, ta rufo ƙofa.

Sauran yinin nan haushi ya rasa inda zai sauka. Na ji haushin Ummi, na ji na Nawaf da ya ɗauki ambulan mai rubutun Turanci da lambobi a jiki bai tambayi kowa ba, shi da ya yi makaranta. Na ji haushin Khala Zakiya da baƙin mijinta. Har na'urar sanyi da ke ruri a bango sai da na harara, don irinta miliyoyi da motocinmu da hayaƙinmu su suka taya ɗumama tudun can, kuma ni ma da nake wannan tunanin ban iya tashi na kashe ta ba. Na ɗauko kwalbar da Ummi ta rage mana na zazzage a kan farar takarda, ko zan iya gane na wane turke ne wanne. Aikin banza ne, na kuma san aikin banza ne tun kafin in fara.

Washegari Ummi ta saka abayarta ta zuwa biki, ta turara jiki, ta cika faranti da dabino mai kyau don ba a zuwa hannu rabbana, ko da roƙo za ka je. Na ce zan kai ta, ta ce ba ta shiga motata. Nawaf ya kai ta.

Sai bayan la'asar na ji takunta a matakala, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ta shigo ba ta cire takalmi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. A hannunta akwai wata jaka mai sheƙi irin ta shagon turare. Ta ajiye ta a kan tebur a gabana.

"Ga shi."

Na leƙa. Ba ambulan, ba jan zare. Wata kwalba ce ta gilashi mai murfi ruwan zinare, cike da dangin shaibar nan, fari sol, ko ƙwayar ƙasa babu a jiki. Ban taɓa ganin sa da tsabta haka ba, ko a kan tudun da ya tsiro.

"Mene ne wannan?"

"Abinki."

"Ina ambulan ɗin? Ina ƙasar? Ina gansakukar da ganyen?"

"Sun gyara miki. Masu aikinta biyu ta zaunar tun da sassafe, suka tsince, suka tankaɗe, suka wanke, suka shanya a saman soro."

"Na ce ki ce kada ta buɗe!"

"In ce wa Mubina me?" in ji ta. "In ba ta umarni a gidanta? Ko in ce mata ƙasar 'yata ke so, ba shaibar ba? Ta samu abin faɗa har ta mutu? Na ce mata kin ce ba a gyara shi ba, akwai ƙasa a ciki, shi ya sa kike so a dawo da shi."

Na dafe kai da hannu biyu. Ga shi nan a fili, ba mugunta, ba sata. Uwata ta nemi ƙaryar da za ta rufa mini asiri, matar baffana kuma ta ɗauki ƙaryar ta yi mata hidima.

"A majalisinta, falon baƙi, ta zaunar da ni," Ummi ta ci gaba, "gaban surukanta. Aka kawo gahawa, aka kawo shayi, ana ta hira, ita ko kallon inda nake ba ta yi. Sai da ta ga dama ta sa aka kawo. Ta ce, 'Ki gaya wa Hikima ta kwantar da hankalinta, mu a gidan nan ba ma mayar da abu da datti.' Suka yi dariya. Ni ma na yi."

"Dattin shi ne aikin, Ummi! Wannan farin shi kaɗai ba ya gaya mini komai! Wanda suka tankaɗe suka zubar, a cikinsa iri yake, da saiwa, da duk abin da ya taɓa tsirowa a wurin! Kuma ba ambulan, ta ina zan san na wane turke ne? Wannan yanzu ba na bincike ba ne, ba na miya ba ne, ba na komai ba ne!"

Ta tsaya tana dubana. Ƙafafunta sun kumbura har sun cika takalmin.

"Na ɗauki fuskata na kai Abhur, na ajiye a ƙasa aka taka, na dawo miki da abinki. Ke ko sannu."

Na so in ce sannun, amma fushi ya zauna a kanta. Ummi ta jira kaɗan. Sannan ta juya ta shiga ɗakinta da abayar a jikinta, na ji ta murza makulli.

Ina tsaye da kwalbar a hannu wayata ta yi ƙara. Farfesa Sigrun ce. Na so in bar ta ta yi ta kuka har ta gaji, amma matar nan ba ta iya ajiye waya ba, sai ta sake kira. Na fita matakala, inda zafi ke dukan mutum kamar an buɗe tanda, na ɗauka.

Muryarta fes, cike da murna. Ta tambaye ni ko na sauka lafiya, ko mahaifiyata ta ji daɗin ganina. Ta ce yau ta yini tana tunanin tudun nan yadda yake a shekarar da ta fara hawansa, sa'ad da mutum zai tsaya a sama ya ga fari har iyakar ganinsa. Ta ce tun da na tafi da ambulan ɗin take barci mai daɗi, don ta daɗe tana tsoron ta mutu a zo a kwashe su a zubar ba wanda ya duba.

"Gobe za ki fara, ko?" in ji ta. "Ki fara da na saman tudu. Kuma ki saurare ni, Hikima, kada ki zazzage ambulan da ƙarfi. Ki bi a hankali da garin da ke can ƙasa. Farin da ke sama za a iya samun irinsa a wani tudun, amma duk wanda ya taɓa zama a wurin nan yana cikin wannan ƙurar. Kina ji na?"

Na ce ina ji.

Ta ce madalla, ta shiga gaya mini irin burushin da ya kamata in yi amfani da shi.